Tsuntsun Baba Abdulghaffar

Fauziyya 'yar Zariya ce, shekararta ta uku ke nan a Jidda tana aikin kwantiragi a wani asibiti da ke Aziziyya. Aikinta shi ne zama da mutanen da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗaure wa harshe, ta yi ta jan su a hankali har magana ta dawo, ko da rabinta ne. Yawancin majinyatanta Larabawa ne, da ɗan Larabcin da ta koya a nan take lallaɓawa. Ran nan sai aka ce mata wata mata na jiranta a bakin ofis, kuma da sunanta ta nemo ta.

Matar doguwa ce, baƙa, sanye da abaya, makullin mota a hannunta. Ta ce sunanta Rana. Ta fara bayani da Larabci, sai ta tsaya, ta sake farawa da wata irin Hausa mai nauyi a baki.

"Duktura, abuya... babana. Ba ya Larabci yanzu. Hausa bas, Hausa kawai. Ni ina ji, amma faɗi, wuya."

Fauziyya ta daɗe da gajiya da gaya wa mutane ita ba likita ba ce. Ta jawo mata kujera, ta ce ta zauna ta yi bayani da duk harshen da ya fi mata sauƙi.

Mahaifin Rana, Alhaji Abdulghaffar, a unguwar Hindawiyya ta nan Jidda aka haife shi. Iyayensa daga ƙasar Katsina suka zo aikin Hajji suka zauna. Ya yi karatu, ya zama makaniken jiragen sama, ya yi aiki har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu shekarun baya, Rana ce ke riƙe da shi. Duk rayuwarsa Larabci yake yi a gida, Turanci a wurin aiki, Hausa kuwa sai da mahaifiyarsa da yayarsa. Da ciwon ya same shi, hannun dama ya mutu, Larabcin da Turancin suka kulle. Abin da ya rage yana fitowa, kalma ɗaya ɗaya, ita ce Hausar da ya sha a nono.

Asibitin ya yarda Fauziyya ta riƙa zuwa gida tana duba shi. Ranar farko ta same shi a falo, kusa da ƙofar baranda, cikin farar jallabiya, carbi a hannun hagu. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

Ya dube ta da kyau. Bakinsa ya karkace kaɗan zuwa gefe. Ya ɗauki lokaci kafin ya ce, "Lafiya."

Ta fito da katunan da take aiki da su, masu hoton kofi da makulli da takalmi, ta jera a kan tebur. Bai ko dube su sosai ba, ya sa bayan hannu ya ture su gefe. Sai ya tsuke baki ya fara fito. Fiton siriri ne, iska na tsere masa ta gefen da ya karkace, amma yana da tsari. Zai yi wata gajeriyar murya, ya maimaita ta, ya canja wata, ita ma ya maimaita, ya sake canjawa.

"Kullum haka," in ji Rana, murya ƙasa-ƙasa. "Ina tsoro, Duktura. Ko kansa ne ya taɓu?"

Fauziyya ta kalli idon tsohon. Ta ga masu ruɗewa da yawa, wannan ba idonsu ba ne.

"Baba, mene ne wannan da kake yi?"

"Tsun... tsu."

"Wane tsuntsu?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya daki goshinsa da hannun da ke riƙe da carbin.

"Suna," ya ce. "Suna!"

Nan ta gane. Kalmomi dubu sun ɓace masa, amma wannan guda ɗaya ce ta tsaya masa a rai. Ta tattara katunanta ta mayar cikin jaka.

"To Baba, mu yi yarjejeniya. Ni ban san tsuntsaye ba, in ka cire tattabara da balbela da hankaka. Amma kai ka san shi. Ka kwatanta mini shi, ni kuma in nemo maka. Sai dai fa da baki za ka kwatanta. In ka yi nuni da hannu kawai, zan ce ban gani ba."

Rabin fuskarsa ya yi murmushi. Ya gyaɗa kai.

Haka suka fara. Kowane zuwa da abin da za su ciro, kuma ba a ciro shi sai da gumi. Launin bayansa ya ci musu zama guda. Ya nuna kofin shayin da Rana ta ajiye, wanda ba madara, Fauziyya ta kau da kai ta ce ba ta gani ba, har sai da ya matso kalmar: "Ja... ja-ja." Wani zuwan ya ɗaga carbinsa mai ruwan ɗorawa, ya kai ƙwaya ɗaya daidai idonsa, ya ce, "Ido." Ya ja yatsa a ƙirjin jallabiyarsa daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, ya ce fari ne amma da zane. Jela doguwa. Baki dogo, ya ɗan lanƙwasa. Ya kuma nuna yadda yake cin abinci, a ƙasa, yana watsa busassun ganye dama da hagu da baki.

"A ina ka san shi, Baba?"

"Gida."

"Nan Jidda?"

Ya lalubi wata kalmar bai samu ba, sannan ya sake cewa, "Gida."

Fauziyya ta ɗauka Jidda yake nufi. Ta sauke wata manhaja a waya da ake cewa tana gane tsuntsu da kukansa, ta kanga a bakin tsohon yana fito, manhajar ta ce ba ta ji tsuntsu ba. Ta fara lura da itatuwan da take wucewa kullum ba ta taɓa ɗaga kai ba. Da safe kafin motar asibiti ta zo, sai ta tsaya gindin wata darbejiya a bakin gidan da ma'aikata suke, waya a hannu. Abokan zamanta suka fara yi mata tsiya, wai ta samu sabuwar sana'a.

Na farko da ta kawo masa shi ne maina, tsuntsun nan mai surutu da ya cika titunan Jidda, mai rawaya a gefen ido. Tsohon ya duba hoton, ya yi tsaki mai kyau, tsaf, irin wanda ciwo bai taɓa ba. Ta kawo wanda ake kira bulbul, shi ma haka. Ta kawo wani ɗan ja mai ɗaga jela da ta ɗauka a wani lambu a hanyar Abhur. Ya ɗan tsaya a kansa, sai ya dafa ƙirji ya ce, "Babu zane."

Rana ce ta kawo shawarar kasuwar tsuntsaye. Suka tafi wata Asabar da la'asar, Rana na tuƙi, zafin garin da damshin teku suna bin su har cikin rumfuna. Warin kashin kaji, ihun aku, tattabaru ɗaruruwa cikin keji. Rumfa rumfa suka bi, Rana na fassara kwatancen da Larabci, Fauziyya na gwada fiton, masu rumfa na dariya. Can wani dattijo mai jan gemu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Mai maimaitawa? Ai summun ne." Ya shiga ciki ya fito da keji. Tsuntsun ruwan ƙasa ne, ƙirjinsa fari da ɗigo-ɗigo. Ya kunna musu kukansa da ya ɗauka a waya, kuma lallai yana faɗa yana maimaitawa.

Rana ta kama hannun Fauziyya ta matse. "Huwa! Shi ne!"

Ba su jira ranar aiki ba, kai tsaye gida suka wuce. Fauziyya ta fara kunna kukan ba tare da hoto ba. Tsohon ya miƙe zaune, ya karkato kunne, leɓensa na motsi. Sai fuskarsa ta fara canjawa. Ya ɗaga yatsu biyu, ya ƙara na uku, ya girgiza kai. Ya miƙo hannu, ta ba shi wayar. Ya kusanto da hoton fuskarsa.

"Ido... baƙi," ya ce. "Jela... ƙarami."

"Abuya, duba da kyau," in ji Rana. "Wallahi shi ne."

Ya ajiye wayar da ƙarfi har ta zame ta faɗi kan kafet. Ya juya fuska bango. Ranar bai ci abinci ba, washegari ma sai ruwan shayi. Da Fauziyya ta dawo, Rana ta tare ta a bakin ƙofa, idonta a kumbure.

"Halas, Duktura. Ya isa. Wannan tsuntsu babu shi. Kina sa masa rai, yana faɗuwa. Jiya ko lafiya bai ce mini ba."

Maganar ta shiga Fauziyya, don ita ma abin da ta yini tana tunani ke nan a asibiti. Wataƙila ta ɗauki mafarkin mara lafiya ta mayar da shi aiki. Amma ta tuna yadda ya ƙirga maimaicin da yatsunsa, da yadda ya je kan ido kai tsaye. Mutumin da ke ƙirƙira ba ya ƙin abin da ya yi kama.

"Rana, kin yi gaskiya, na yi gaggawa," ta ce. "Ba zan sake kawo masa wani hoto ba sai na tabbata. Amma ki yi mini abu ɗaya. Wa ya rage da ya san shi tun yana saurayi?"

Rana ta share ido. "Ammati. Inno. Yayarsa ce. Tana Hindawiyya, ta ƙi tashi daga can."

Lungunan Hindawiyya ba sa ɗaukar mota, sai da suka ajiye ta a bakin titi suka taka. Hayaƙin tsire na tashi daga wata kwana, yara na ƙwallo suna ihu da Larabci, wata mata ta leƙo ta taga ta kira ɗanta da Hausa. Suka sami Hajiya Inno a tsakar wani tsohon gida, zaune kan tabarma, tana tsince zoɓorodo a faranti. Ta tsufa ƙwarai, amma muryarta garau. Da ta ji Hausar Fauziyya sai ta riƙe hannunta ta ƙi saki, ta tambaye ta garinsu da unguwarsu da ko har yanzu ana rini a Zariya.

Fauziyya ta kawo maganar da ta kawo su.

"Tsuntsu?" in ji tsohuwar. "Gaffaru? Ɗiyata, wannan yaron tun yana ƙarami ba abin da ya sani sai ƙarfe. Rediyon babanmu ya kwance, ya sha duka. Ko kaza bai taɓa kiwo ba."

"Gwaggo, bari ki ji abin da yake yi."

Fauziyya ta tsuke baki ta yi fiton. Ta ji shi sau da yawa har ya zauna mata. Kafin ta kai rabi, Inno ta saki farantin a cinya ta rufe baki da tafin hannu. Dariya ce ta fara zuwa, hawaye suka biyo ta.

"Wayyo Mubina," ta ce. "Allah ya jiƙan Mubina. Ai wannan fiton uwarki ne, Rana."

Rana ta matso. "Ummi?"

"Ita fa. Lokacin da kamfani ya tura shi Amurka koyon gyaran jirgi, amarya ce, ba a haife ki ba, ba a ma haifi yayanki ba. Ya tafi da ita wani wuri, Jojiya suke cewa. Shi ya fita tun safe, ita kaɗai a gida, ba ta jin Turanci, ba maƙwabcin da za ta gaisar. Ta ce mini akwai wani tsuntsu a shingen gidan, shi ne abokin hirarta. In ya hau kan itace ya fara, sai ta amsa masa ta taga. Da suka dawo, in tana son tsokanarsa sai ta yi masa wannan fiton, wai shi ma komai sai ya faɗa ya maimaita. Da yara suka zo aka shiga hidima, sai na daina ji."

"Gwaggo, ta taɓa faɗa miki sunansa?"

"Da Turanci ne, ɗiyata. Shi ya tambayo mata a wurin aiki. Ni ina zan riƙe?"

A cikin mota Rana ta daɗe ba ta tayar da injin ba. "Gida," ta ce a hankali. "Gidansu na farko."

Fauziyya kuwa tuni ta buɗe waya. Da ta daina neman tsuntsayen Jidda ta rubuta kwatancen tare da sunan jihar Jojiya, bai ɗauki lokaci ba. Ga shi nan a tsaye cikin busassun ganye: baya ja-ja, ƙirji fari da zane-zane masu duhu, jela doguwa, baki ya ɗan lanƙwasa, ido rawaya fes kamar yana hararar mai ɗaukar hoton. Ta kunna kukan. Murya ɗaya sau biyu, wata sau biyu, wata kuma sau biyu, yana ta canjawa ba ya ƙarewa. Duk da haka ba ta yarda da kanta nan take ba. Ta nemo wasu tsuntsayen can guda biyu da aka ce kukansu na kama da nasa, ta saurara. Ɗaya yana maimaitawa ya wuce biyu, ɗayan ba ya maimaitawa sam, kuma dukansu toka-toka ne. Sai a lokacin ta ce wa Rana su tafi.

Suka same shi inda suka bar shi, fuska a bango. Fauziyya ta ajiye wayar a kan tebur ta kunna. Kafaɗarsa ce ta fara motsi. Ya juyo a hankali. Ya saurara har kukan ya ƙare, ya yi alama a sake. A karo na biyu ya shiga ciki da nasa fiton, suna tafiya tare. Ta nuna masa hoton, ta sa babban yatsa ta rufe rubutun da ke ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Ya taɓa idon tsuntsun da ɗan yatsa.

"Shi," ya ce.

Rana ta durƙusa gabansa tana kuka. "Abuya, sunansa..."

Ya ɗaga hannu da sauri ya tsayar da ita. Ya nuna ƙirjinsa. "Ni."

"Ya fi mu gaskiya," in ji Fauziyya. "Ki bar shi ya nemo abinsa."

Bai samo shi ranar ba, bai samo shi a makon ba. Amma ya koma cin abinci, kuma yanzu shi ke jiran Fauziyya, ba ita ke lallashinsa ba. Ta koya masa wata dabara da suke yi wa masu irin ciwonsa, domin rera magana kan buɗe abin da faɗi ya kasa. Zai buga hannun hagu a gwiwa, ya rera kalma a kan bugun. Suka fara da masu sauƙi, ruwa, ƙofa, Rana. In an zo kan tsuntsun sai ya tsaya, gumi ya tsattsafo masa. Wani zuwan ya yarda ta ba shi harafin farko kawai. Ya yi ta juya shi a baki har lokacinta ya ƙare, ta tafi ta bar shi yana yi.

Wata Alhamis da hantsi, suna tsakiyar rera sunayen kwanaki, sai ya tsaya cak. Ya ɗaga kai kamar wanda aka kira daga waje. Hannunsa ya ci gaba da bugun gwiwa shi kaɗai.

"Ti... tira..." Ya ja numfashi. "Tirasha. Burawun tirasha."

Ya faɗe shi da irin lafazin da ya koya a can shekaru masu yawa da suka wuce. Fauziyya ta juya wayar ta nuna masa rubutun. Ya duba, ya jingina da kujera, ya rufe ido, ya yi hamdala, kuma hamdalar ta fito cikakkiya.

Rana ta fito daga kicin da gudu, hannunta duk kumfa. Ya nuna mata wuri kusa da shi ta zauna. Sannan ya fara ba ta labari, da Hausa tsinke-tsinke, Larabci na faɗowa nan da can karo na farko tun kwanciyarsa. Taga. Sanyi. Ummiki tana shanya. Tsuntsu ya gina sheƙa a shinge, mage ta zo, ya bi ta da sara har titi, ummiki ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Wani wurin sai ya maƙale, Rana ta jira. Ba ta juyo ta nemi a fassara mata ba.

Maganarsa ba ta dawo duka ba, hannun dama ma bai tashi ba. Amma kafin kwantiragin Fauziyya na shekarar ya ƙare, yana iya kiran Inno a waya su yi gardama, yana iya cewa shayi ya yi sanyi a sake masa wani.

A ranar Alhamis ɗin dai, da ta ga hirar uba da 'ya ta yi nisa, Fauziyya ta ɗauki jakarta a hankali ta nufi ƙofa. Wani majinyacin na jiranta a asibiti. Ta sa takalmi ke nan ta ji muryarsa.

"'Yata. Gobe?"

"Gobe Juma'a ce, Baba, ba aiki. Sai Lahadi."

Ya buga gwiwa da hannu. "La... La..." Ya tsaya, ya sake ɗaukowa daga farko. "Lahadi."

"Allah ya kai mu," ta ce, ta ja ƙofar.